Malam Badaru da Alƙalami Mai Kauri

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Rajab, shekara ta 1291 bayan Hijira, ina bakin gona a Farin Dutse aka zo mini da labarin Allah Ya karɓi ranka, Malam Badaru. Ban samu jana'iza ba, don ruwa ya cika rafi tsakaninmu da Birnin Kudu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Hambali, ɗalibinka mafi taurin kai.

Malamai da yawa suna koyar da karatu. Kai kuwa koyarwar kanta kake koyarwa, kuma ina alfahari da faɗin haka. Duk wanda ya sauke littattafai a zaurenka ba ka naɗa masa rawanin izini sai ya yi kwana arba'in zaune a ƙasa cikin yara, sa'annan ka damƙa masa yaro ɗaya wanda kowa ya gaji da shi. In yaron ya karanta, an samu malami. In bai karanta ba, rawani ya ci gaba da kwana a adaka.

Ni Barau ka ba ni, ɗan makiyaya daga Unguwar Ya, wanda ya shekara biyu bai wuce babbaƙu ba. Ubansa ya ce in kaka ta yi zai mayar da shi kiwo. Nawa uban kuwa ya riga ya gina mini zaure, ya gaya wa duk ƙasar Gwaram ɗansa na tafe da rawani. Na ji haushinka ƙwarai. Ina ji da fiƙihu da nahawu, a ce darajata ta rataya ga yaron da bai bambance harafin ba da harafin ta ba?

Na yi tsawa, na yi bulala, Barau sai ƙara manna fuska yake a allo. Na zo na ce maka ƙwaƙwalwarsa dutse ce. Ba ka yi faɗa ba. Ka karɓe bulalar, ka ce, "Hambali, kwana talatin kana kallon allonsa. Gobe ka kalli yaron."

Na kalle shi. Sai na ga yana ƙanƙance ido, hancinsa har yana shafar tawada. Ashe ɗigon haruffa ne ba ya gani. Kunya ta rufe ni. Na fere kara mai kauri, na rubuta masa harafi huɗu kacal, kowanne kamar tafin hannu. Kafin a yanke gero Barau ya shiga farfaru. Ranar da ka naɗa mini rawani, shi ka sa ya riƙe bakin rawanin ɗaya.

Mu goma sha tara muka fita ta wannan ƙofa. Yau daga Maruta zuwa Gwaram, in ka ga makarantar da malami ke durƙusawa ya daidaita idonsa da na yaro, ba sai ka tambayi inda ya yi karatu ba.

An gaya mini shekaru ukun nan da idonka ya raunana, ba ka fasa karatun safe ba ko sau ɗaya. Malam Barau ne ke tasowa daga makarantarsa duk Alhamis, ya wanke allunanka, ya rubuta maka na mako da manyan haruffa. Ranar da ka cika, allon da ya rubuta maka aka samu a cinyarka.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya dube ka da rahama yadda ka koya mana duban yara. Iyalinka, Inna Mairama da Maikano da Kubra, da sauran ɗalibai, Allah Ya ba mu haƙuri. Bulalata tana rataye a zaurenka shekara ashirin da biyu. Ku bar ta a nan.