Doyar Hajiya da Muka Binne a Gwada

Jiya na wuce ta bakin Kasuwar Kure, wata mata tana gasa doya a kan garwashi. Ƙaurin ɓawon ya daki hancina, sai kawai na ji raina ya ɓaci. Ba yunwa ba ce. Hajiyar gidanmu na tuna. Ni dai in na ji ƙamshin gasasshiyar doya matar nan ce ke faɗo mini, kuma har gobe ban huce ba.

A Barkin Sale muka tashi, gidan haya, ciki da falo. Falon nan in ka yi atishawa sai goshinka ya gaisa da bango. Babanmu gadi yake yi a wani shagon siminti. Mai gidan mutumin kirki ne, sai dai ba shi da baki, bakin duka yana wurin matarsa, Hajiya. In ta buɗe shi, kajin unguwa ma shiru suke yi.

Asabar ce ranar wulaƙancinmu. Sai ta wanke autanta, ta mulke shi da mai har yana ƙyalli kamar soyayyen kifi, a kai shi wurin wasan yara mai kuɗin shiga. In ya dawo da balan-balan, ta zaunar da shi ya sha askirim a ƙofar ɗakinmu. Ba ƙofarta ba fa, tamu. Ƙanwata, lokacin ko firamare ba ta shiga ba, ta tsaya tana haɗiyar yawu har ana jin ƙarar maƙogwaronta.

"Ku matsa can, kar ku ƙware min yaro da ido," in ji Hajiya.

Babanmu kuwa sai ya shige ɗaki ya ƙure rediyo. Ba labarai yake ji ba, mun sani.

Ana haka Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta zo daga Gwada neman maganin ido. Idon da aka ce ba ya gani sosai, shi ya ga komai. Asabar ta zagayo, Kaka ta tattara mu ta zuba a bayan akori-kurar Kawu, wadda dama ba kaya take tafiya Gwada ɗauko doya, ba ko sisi.

"Kala za mu," ta ce.

In ba ka san kala ba, ga ta. In manomi ya gama haƙe doyarsa, guntaye da waɗanda suka ɓuya a cikin tudun ƙasa na duk wanda ya tono ne. A nan gona ake gasawa a cinye. Doka ɗaya ce: ba a shiga gonar mutum kala da doya a hannu. Zagi ne, kamar ka ce masa ƙasarsa ba ta haifi komai ba.

Ranar mun yi tono da tsinke da farce, mun kori ɓera, mun faɗa rafi da kayanmu. Kaka ta hura wuta da karan dawa, ta fiddo manja da yaji daga ƙwaryar da take ɗorawa a kafaɗa, don ita ba ta ɗora kaya a ka. Muka dawo butu-butu kamar an tono mu ne mu ma. Ni kuwa da ma bakina ba ya zama. Na tsaya tsakar gida na ce na tono doya mai tsayin Kawu, na kashe maciji mai kai biyu da hannun hagu.

Autan Hajiya ya saki balan-balan ɗinsa. Daga ranar ya fara yajin cin abinci, kuka safe da yamma, shi sai kala. Da abin ya kai ya kawo, mai gidan ya yi magana, wataƙila ta farko tun ranar ɗaurin aurensu: "A bar yaro ya bi su."

Hajiya ta bari, amma da sharri. Da safe ta fito da wata shirgegiyar doya da ta sayo a kasuwa, ta danƙa wa yaron.

"Ɗana ba ya cin ragowar ƙasa. Tsohuwa, wannan za ki gasa masa, shi kaɗai."

Kaka ta ce, "'Yar nan, ba a zuwa kala da doya."

"A ƙauyenku ke nan."

Kaka ta ja yaron, muka hau mota. Da muka isa bakin gona ta karɓe doyar, ta ce duk mu juya baya, ta je ta tura ta cikin wani tudu ta rufe. Ta dawo tana karkaɗe hannu.

"Yanzu ta zama ta gona. Wanda ya tono, tasa ce."

Ƙanwata ce ta tono ta. Ta rungume ta kamar jaririya, ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗi. Aka gasa, kowa ya ci, har shi autan, manja har kunne. Shi kuma abin da ya tono da hannunsa wata 'yar mitsitsiya ce, babban yatsana ya fi ta. Amma ya ƙi yarda a gasa. Ya cusa ta a aljihu, ita zai kai wa uwarsa.

Ya kai mata kuwa, yana washe baki, ya ba ta labari tsaf.

Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya kumbura haka ba. Ta cilla 'yar doyar nan kwata, ta tsaya ƙofarmu ta riƙe ƙugu.

"Ɓarayi! Mayunwata! Kun cinye min doya kun ba ɗana saiwa! Ko tsohuwar nan ta durƙusa ta ba ni haƙuri a gaban mutanen gidan nan, ko ku kwashe tsummokaranku ƙarshen wata!"

Duk 'yan haya suka fito. Mai gidan ya tuna bai yi alwala ba, ya ɓace. Mamanmu ta fara hawaye, don ta san ɗaki a wannan kuɗin ba za a sake samu ba. Kaka ta dubi Babanmu, ta dafa bango, ta fara lanƙwasa gwiwa. Saboda mu za ta yi.

Baba ya riƙo hannunta.

"Iya, miƙe." Ya juya. "Hajiya, ɗakinki ne. Uwa kuma tawa ce."

Ranar ce na fara ganin rediyon nan a kashe ranar Asabar.

Ƙarshen wata akori-kurar Kawu ce ta kwashe mu. Muka koma ɗaki ɗaya can bayan gari, inda in aka yi ruwa sai mu fita waje mu fake. Mun sha wuya, kar wani ya ce maka ba mu sha ba. Amma ƙanwata ba ta sake haɗiyar yawu a ƙofar kowa ba.

Yanzu nima ina da yara ƙanana. Ranar Asabar sai ka ga iyaye sun yi layi suna biya don yaro ya yi tsalle a kan katifar iska, ya fito yana kukan yunwa. Ni in an haƙe doya Gwada nake kai nawa, duk da yanzu sai na fara tambaya ko hanya lafiya, kuma manoman ba sa barin ko guntu kamar da. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ni nake riga yaran shiga gona in binne 'yan doyoyi, bayan na nemi izinin mai gonar, kar a ce na zage shi.

Autan nan ya girma, har da tumbi, kuma shi ke fara kirana in lokaci ya yi, ya kawo nasa yaran. Uwarsa tana nan da ranta, bakin bai tsufa ba. Bara ya matsa min na je gaishe ta. Ko amsawa ba ta yi ba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ina doyata?"

Na ce, "Hajiya, tana Gwada. Ki je ki tono."