Tabon Bakin Tanderu

Ƙanƙara ake ce masa, alhali duk unguwar babu wanda ya kai shi wuni a gaban wuta. Masu sayen biredi ne suka liƙa masa sunan, don sun ga yana zura hannu cikin tanderu kamar mai ɗebo ruwa a randa. Sunan kuwa ya yi masa daɗi fiye da kima. Mutumin kirki ne, amma in ana maganar taurin kai, jaki ma sai ya sara masa.

Gidan biredin gadon mahaifinsa ne. Tsohon ne ya gina tanderun da hannunsa, ya matse bakin don kada zafi ya tsere, ya kewaye shi da ƙarfe. A gidan ba a san wani ma'aunin zafi ba. Kafin a jera kwaɓi, da kuma lokacin da yake gasuwa, mai gashi zai naɗe hannun riga, ya zura hannun dama har gwiwa, ya jingina shi da ƙarfen, ya ji abin da fata za ta gaya masa. Wuri ɗaya ne kullum ke taɓa ƙarfen. Ya ƙone, ya yi bororo, ya warke, gobe a sake. Har ƙarfen ma ya yi santsi a daidai nan, yana sheƙi. Tsohon kan ce wannan tabo shi ne hatimin gida, wanda ba shi da shi ɗan kallo ne.

Abin da Ƙanƙara bai taɓa iya mantawa ba shi ne ɗakin da tsohon ya ƙarasa kwanakinsa. Tabon ne ya buɗe ya ƙi rufuwa. Gefensa ya yi tudu ya naɗe kamar leɓe, tsakiya kuma tana ta tsatsafo da ruwa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce abin a jini yake. Mahaifiyar Ƙanƙara ta yi ta ƙona turare har turaren ya gaji ya bar wa warin ɗaki. Duk wanda ya zo dubiya, tsohon sai ya ja tsumma ya rufe, ya ce, "Ba komai, ai ya saba ɓarkewa ya koma." Da wannan magana a bakinsa aka kai shi makwanci.

Shekaru suka tura, furfura ta cika kan Ƙanƙara, ɗansa na fari ya zama magidanci, su biyu suke gashi. Wata safiya, cikin ƙamshin yis da bota, sai ya ji warin ɗakin nan. Ya ɗaga buhunan fulawa yana neman mushen ɓera, ya leƙa ƙarƙashin teburin kwaɓi, ya yi wa ma'aikata faɗa kan shara. Duk borin kunya ne. Ya san inda warin yake, domin ya daɗe yana ɗaure hannunsa da tsumma yana sauke hannun riga a kai.

Matarsa ce ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida, ni za ka ɓoye wa? Ni fa nake wanke tsummokaran nan."

Ya ce, "Ba komai, ai ya saba..." Muryar da ta fito daga bakinsa ba tasa ba ce. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, kuma a ranar bai yi gardamar zuwa asibiti ba.

Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Da suka koma, likitar ta zaunar da shi, ta taɓa hammatarsa tana neman kaluluwa, sannan ta ce ciwon daji ne na fata. Za a yanke wurin da faɗi, kuma tana sa ran hannun zai tsira. Ya tambaye ta abin da ya daɗe yana cin ransa, ko daga jinin mahaifinsa ya ɗauko.

Ta ce, "A'a, Baba. Duk inda jiki ya ji rauni, sai ya kumbura ya yi zafi, wannan gyara ne yake yi. In an bar shi, ya gama ya huta. Amma in ana ta fama wuri ɗaya shekara da shekaru, gyaran ba ya ƙarewa. Mai facin da ba a bari ya ɗaga kai, wata rana zai yi kuskure, to kuskuren ne yake girma ya zama wannan. Ba kowane tabo ke zama haka ba, amma mikin da ya ƙi warkewa ba abin rufewa da tsumma ba ne."

Matarsa ta yi hamdala da ba jifa ba ne. Shi kuwa bai ga abin murna ba. Da a jini ne, da sai ya ce ƙaddara, ya kwanta. Amma ya tuna ranar da ya kama hannun ɗansa da hannunsa, ya ɗora a kan wurin nan mai sheƙi, ya riƙe har yaron ya daina fizgewa, ya kuma yi masa kirari da ya ga bororo ya tashi.

Bai bi ta gida ba, kai tsaye ya wuce gidan biredin. Ya iske an jera farantai an tura ciki, ɗan nasa tsaye a bakin tanderu, hannun riga a naɗe, hannu jingine da ƙarfe, kai a karkace yana sauraron wuta. Tsayuwar tsohon ce sak, har yadda yake lanƙwasa ƙafar hagu. Ƙanƙara ya fizgo hannun ya juya shi wajen hasken taga. Tabon ya yi fari ya yi tauri. A tsakiyarsa akwai 'yar tsaga, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, kuma a jiƙe take.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Ɗan ya yi dariya. "Haba Baba, ba komai. Ai ya saba ɓarkewa ya koma."

"Cire rigar aikin nan, mu tafi."

"Biredi fa yana ciki!"

"Na ce mu tafi."

Bai saki hannun ba har suka fita titi. A bayansu ƙaurin biredi ya fara tashi, abin da ba a taɓa ji a gidan ba tun zamanin tsohon. Maƙwabta suka fito suna kiran Ƙanƙara, biredinka na ƙonewa. Ya ji su sarai, bai waiwaya ba.