Shekarar da Dada ta rabu da tramol

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, mahaifiyata ce ta riƙe gidanmu na unguwar Pumpumre a Garwa da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Dada muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Fulani ke kiran iyayensu mata. Duk wanda ya san matsar tunkuza ya san aikin baya ne da ƙugu. Tun tana cewa "wayyo bayan nan" tana dariya, har ta kai sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga sallah.

Wata mai tallan magunguna a faranti ce ta fara ba ta tramol. Ta sha, ciwon ya kwanta, ta koma bakin aiki kamar ba ita ba. Ni a lokacin ina ɗinki a kasuwa, kuma a ganina tramol abin 'yan moto ne, samarin nan masu gudu da fasinja a babur ido jajir. Sai ga ni ina cika baki a gaban abokai, wai tsohuwarmu ta fi mu ƙarfi. Ban san ƙarfin daga faranti yake fitowa ba.

Wata rana da hantsi ta yanke jiki ta faɗi kusa da kaskon suya, tana karkarwa, kumfa a baki. Allah ya tsare ba ta faɗa cikin mai ba. Matan unguwa suka ce iska ce. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ba wata iska. Ƙwayar nan ce. A da ɗaya take sha da safe, yanzu ni ma ban san adadin ba."

Na yi abin da nake ganin shi ne daidai. Na tattara ƙwayoyin na zuba a masai, har da ɗan wa'azina a kai. Kafin a kwana biyu Dada ta fita hayyacinta. Zufa, hamma, amai, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Ranar ta kira shi. Ta riƙe mini riga ta ce, "Don girman Allah ka samo mini, ko ɗaya ce."

Na fita bakin titi na sayo da hannuna. Mai sayarwar bai tambaye ni wa zai sha ba, abin da ya tambaya kawai, mai ƙarfi nake so ko marar ƙarfi.

Washegari muka je asibiti. Likitar da ta gan mu, mace ce 'yar kudu, ta yi ta bayani ina kamawa da Faransancina na kasuwa, inda ya ƙare mu koma Fulatanci. Ta ce yankewa lokaci guda da na yi haɗari ne, a hankali ake ragewa, kuma sai da mai lura. Ta ce wurin da ta sani an keɓe don irin wannan jinya yana Yawunde. A nan Garwa abin da ake da shi ɓangaren masu taɓin hankali ne, can a bayan asibiti.

Na fassara wa Dada, ina neman kalma mai laushi ban samu ba. Ta gyara mayafinta ta miƙe. "Ciwon baya na zo da shi. Ni ba mahaukaciya ba ce."

Yawunde kuwa ba maganarta. Wa zai bar aiki ya zauna da ita a garin da ba mu da kowa? Goggona ta kawo shawarar wani malami a wani ƙauye wajen Bibemi, wai yana raba samari da ƙwaya. Na hau mota na je ni kaɗai in gani da idona. Malamin ya karɓe ni da mutunci, kuma na yarda tsakaninsa da Allah yake yi. Amma a ƙarƙashin bishiyar gidan na ga samari zaune da mari a ƙafa. Ɗaya yana kwance yana irin karkarwar da Dada ta yi, babu wanda ya san abin da za a yi masa sai tofi. Na sha ruwan da aka ba ni, na yi godiya, na kamo hanya.

Sai kawuna da ke Yola ya ce mu tsallako, a Najeriya akwai wuraren jinyar masu shaye-shaye. Muka tafi da Dada. Wuri na farko mai tsabta ne, da gadaje da masu ba da shawara, amma suka ce maza kaɗai suke kwantarwa. Na biyu suka yarda, da sharaɗin ta zauna watanni, ba mai jinya daga gida, ziyara sai ranar da suka sa. Na tambayi ma'aikacin, to in an sallame ta fa? Ya ce za ta riƙa dawowa karɓar magani. Na ce daga Kamaru muke. Ya ce gaskiya bai san ko takardar likitansu za ta yi aiki a farmasin wajenmu ba, kuma bai ba ni shawarar in bi ta kan iyaka da irin wannan magani a jaka ba.

A gidan kawu, bayan la'asar, Dada ta zauna a tabarma kusa da kawu. Can ta ce, "Ƙanena, na gode. Amma ka ga yaron nan ya bar ɗinkinsa yana yawo da ni ƙasa-ƙasa saboda ina jin kunyar wata ƙofa. A mai da ni gida. Zan shiga."

Muka koma wajen likitar nan. Ita da ma'aikacin jinyar ɓangaren suka tsara yadda za a riƙa ragewa. Kowane mako sai Dada ta je da ƙafarta an duba ta, sannan a rubuta na mako guda kacal, ƙanwata ta riƙe tana ba ta. Suka kuma sa aka duba bayan, wanda tun farko shi ne tushen abin. Akwai makon da muka zaga farmasi muka rasa abin da aka rubuta, alhali a ƙofar asibitin ga masu faranti nan zaune.

A bencin jira, mafi yawa samari ne 'yan moto. Ranar farko Dada ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da tafiya ta yi tafiya, sai na ga suna matsa mata wuri suna cewa, "Dada, ina kwana, ya jikin?" Ita kuma tana tambayar wanda bai zo ba, ko lafiya.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Da damina ta faɗi, sanyi ya tayar da bayan, ta aika aka sayo mata a ɓoye. Ita da kanta ta faɗa wa likita, ni ina waje. Aka koma baya kaɗan, aka sake farawa. Sai da shekara ta kusa zagayowa kafin ta rabu da ƙwayar gaba ɗaya. Matsar mai kuwa ta bar wa ƙanwata, ita sai aune da lissafin kwalabe.

Yau idan na tuna, ba faɗuwarta ce ta fi tsaya mini a rai ba. Abin da ke damuna shi ne yadda cutar take a bakin kowane titi, maganin kuma sai an yi tafiya, kowace ƙofa da sharaɗinta, wata ma ba a yi ta don mata ba. Mu mun yi sa'a, muna da kawu, muna da likitar da ta saurare mu. Na san gidajen da ba su samu ko ɗaya ba, kuma na je jana'izar wasu.

Dada tana nan da ranta, ta tsufa, tana tafiya da sanda. Kwanakin baya wata maƙwabciya ta shigo da maraice, ta daɗe tana kewaye-kewaye, wai wata 'yar'uwarta ce ke shan abin. Ina daga zaure ina jin su. Dada ta bar ta ta gama, sannan ta ce a hankali, "To, ki ce wa 'yar'uwar taki ta karya kumallo da wuri gobe. Ni zan raka ki asibiti."