Damin Farko na Rifkatu

Shekara tara ke nan da kububuwa ta sari matata Rifkatu a gonarmu ta bayan Gwandu. Ta kwana biyu jini yana zuba, a na uku ta cika. Ban yi makaranta ba. Ni ke faɗi, ɗiyata Hannatu ke rubutawa.

Rifkatu tana da doka ɗaya a gida. Ba mai ɗanɗana sabon gero sai an kai damin farko coci ranar godiyar girbi. Ita ke zaɓen zangarniya, ita ke ɗaurewa, ita ke ɗauka a ka. Mu Kiristoci ba mu da yawa a nan, kowa ya san damin kowa. Nata ya fi na kowa tsawo.

Shekarar da ƙyanda ta kashe ɗanmu na fari, na ce bana ba za a kai ba. Ta ce mini, “Maigida, ba don ya cika mana rumbu muke kaiwa ba. Gonar tasa ce.” Ta ɗauka ta tafi tana kuka. Na bi ta a baya.

Irin wannan damin na coci ta sunkuya ɗauka ranar da macijin ya sare ta. Yana kwance a ƙarƙashinsa.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Da a hanyar kasuwa ne, da na haƙura. Amma kayan Allah ta je ɗauka. Bayan jana'iza na bar damin a inda yake, gara ta cinye. Na daina zuwa coci. Fasto ya zo sau uku, na ba shi ruwa, ya sha ya tafi. Kaka uku ina cin sabon gero tun a gona, da gangan.

Wanda ya karya ni ba Kirista ba ne. Malam Umaru ne, Bafillacen da ke kwantar da shanunsa a gonata bayan girbi don su bar mini taki. Ya tarar da ni ina gasa tumu, ya tsaya dogare da sandarsa yana kallona.

Ya ce, “Kaɗo,” haka Fulani ke kiran wanda ba nasu ba, “an kai na coci?”

Na ce ba a kai ba, ba kuma za a kai ba.

Ya ce, “Na ga mace ta yi wa miji yaji. Kai ne na farko da na ga ya yi wa Allah. To gidan wa za ka koma?”

Na ce ya kwashe shanunsa. Ya yi dariya ya ce shanun ba su yi mini laifi ba. Sannan ya daina dariya. “Shekara ashirin ina ba matarka nono, tana ba ni fura. Ko sau ɗaya ba ta dama da sabon gero ba sai ta sauke wancan nauyin. Kai ka san ta fiye da ni.”

Ban iya cin tumun ba. Lahadin da ta biyo na ɗaure dami. Bai yi kyau kamar nata ba. Na buga shi da sanda kafin in ɗaga, har yau haka nake yi. Na shiga coci da shi a ka, na aje, na zauna a bencin baya. Ban yi waƙa ba. Ban ji wani sanyi a zuciya ba. Na dai kai.

Har yanzu ban san dalilin da ya sa Allah ya ɗauke ta a wannan hanya ba. Na daina jiran a gaya mini. Yesu ma ya yi tambaya a kan gicciye, bai kuwa sauka ba.

Da Rifkatu za ta ga yadda ake yi yanzu, da ta yi tsaki. Inji ke sussuka, a buhu ake kawo godiya, a bayan babur. Za ta ce abin da bai taɓa wuyanka ba, ba ka ji nauyinsa ba. Amma da ta ga jikarta da aka sa wa sunanta, da ta manta da tsakin. Ranar sunan na yi rawa, ni da ban yi rawa ko ranar aurena ba. A shekarar gero ya yi kyau, na kai dami. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawar wuta-wuta ta cinye rabin gonar, dami bakwai na samu. Na kai ɗaya. Ba abin da Rifkatu ta bar mini da ya wuce wannan.

Yanzu ina Kalgo wurin Hannatu da mijinta. Gwiwa ta fara ƙi. Surukina ya ce bana zai ɗora damin a babur, na ce ya bari. Ina da ƙaramar gona a gefen gari, geron ya nuna, godiyar girbi saura mako biyu. Na riga na zaɓi zangarniya.