Ranar da Na Ɗaga Ido

A gidanmu a Getso, yaro bai isa ya kalli babba cikin ido ba. In Baba yana magana, ƙasa kake kallo, ko da yabonka yake yi. Da wannan tarbiyyar na hau jirgi lokacin da gwamnati ta ba ni gurbin karatun noma a Turai, a shekarun tsuke bakin aljihu, da sabulu ma sai an bi layi. Tun a Kano aka ja mana kunne: ana neman dalilin rage ɗalibai, duk wanda malaminsa ya yi ƙorafi a kansa, gida zai dawo.

Rabin unguwarmu suka raka ni tashar Gwarzo. Ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa, mutum ne da bakinsa ba ya iya shiru. A gaban kowa ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, kafin a yanke dawa za a koro shi." Na sunkuyar da kai, na shiga mota.

Malamin da aka haɗa ni da shi a can dattijo ne, furfura har a gira. Na ba shi irin girman da nake ba Baba. In ya shigo na miƙe, in yana magana idona na kan takalminsa. In ya yi tambaya na amsa a hankali, a taƙaice, don kada ya ce na cika baki. Ni a ganina babu ɗalibin da ya kai ni ladabi. Ashe a wurinsu, wanda ya ƙi haɗa ido da kai, akwai abin da yake ɓoyewa.

Na rubuta aiki kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu, na sha wuya a kansa ba kaɗan ba. Ya kira ni ofis, ya ajiye aikin a gabana.

"Wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni ne, Malam," na ce, ina kallon ƙasa.

"Ka gani? Ko yanzu ka kasa kallona. Zan sanar da waɗanda suka turo ka."

Tashar Gwarzo ta faɗo min a rai, da ni ina saukowa daga mota da akwati, Baffa yana dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato duk girman da nake ba shi, kallon ɓarawo yake min? Na ɗago kai. Wallahi wuyana sai da ya yi nauyi kamar na ɗauko dami. Ranar na fara sanin launin idonsa.

Na ce, "A garinmu marar tarbiyya ne yake zura wa malaminsa ido. Girmama ka nake yi, ba tsoronka nake ji ba. Rufe takardar, ka tambaye ni duk abin da ka ga dama."

Ya rufe. Ya yi ta jefo tambaya ina amsawa, ban sauke ido ba. A wuri ɗaya har na ce ban yarda da shi ba, muka yi musu. Da muka gama ya tura min aikin, ya ce in faɗaɗa babin da muka yi musu a kai. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

An yanke dawa, an sake yankewa, ba a koro ni ba. Da na kammala na dawo, na tuɓe takalmi a ƙofar zaure, na durƙusa gaban Baba, idona a ƙasa yadda ya koya min, kuma da son raina na yi. Baffa na zaune a gefe.

"A'a, Bature! Ashe dai sun haƙura da kai?" in ji Baffa.

Na juya na gaishe shi, na tambayi iyali da gona, ina kallonsa cikin ido. Shi ya fara kau da kai.