Sharaɗin Layar Zana

Ni fa ban nemi shiga wannan sha'ani ba. Juma'a ce kaɗai ranar da ba ma zuwa shantiye, wato wurin aikin gini, a Tamanrasset, kuma na riga na san yadda nake kashe tawa: in sauko daga masallaci, in wanke riguna, in je bakin kasuwa in tsokani masu gyaran waya har la'asar. Sai yayana ya zo ya tsaya mini a ka, wai mutum ɗaya suke nema a wani wasansu, wanda suke yi da shi ya tafi aikin lambu a Outoul. Na ce karta ce? Ya ce a'a. Ludo? A'a. Na ce to me ake ci? Ya ce ba a cin komai, labari ake yi. Na ce, "Yaya, labari ai kullum kyauta nake ba ka." Ya kama wuyan rigata, muka tafi.

Yayana ya taɓa yi wa masu kai baƙi yawon buɗe ido dutsen Assekrem aikin girki. A can ya ga wasu Turawa a inuwar mota suna jefa ɗan ludo mai fuska ashirin suna ihu kamar an taka musu ƙafa. Ya tambaya, suka nuna masa, da za su tafi suka bar masa ɗan ludon. Sauran wasan da kansa ya ƙera. Shi ke ba da labari: ga kogo, ga aljani, ga ƙofa a kulle. Kowannenmu yana da mutumin da yake zama a cikin labarin. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan ludo, in ya ba da babba ka ci nasara, in ƙarami ka ji a jikinka. Ranka kuwa ƙwallon dabino ne da aka tara maka a gaba. Duk dukan da ka sha, Yaya ya ɗebe wasu. In sun ƙare ka mutu, sai ka tashi ka wanke kofuna.

A ɗakin wani magini ake wasan, ɗan unguwarmu ne tun daga Damagaram, abokin Yaya. Ya faɗo daga kan katako a wurin aiki, ƙafa ta karye, ɗorin bai zauna daidai ba. Tun daga nan ya kwanta ya ba mutane baya, bango kawai yake kallo. Yaya ne ya kwaso wasan ya kai masa har bakin katifa, ya ce suna neman boka, ba wanda ya iya. A haka ya tashi zaune. Mu ma Boka muke ce masa, har sunansa ya fara ɓace mana.

Ɗayan kuma wani Bagobiri ne mai shayi, ƙato, bakinsa ba ya hutawa ko yana shan ruwa. Shi ne mayaƙi, mai takobi da garkuwa. Ni aka ba ni ɓarawo. Na tambayi Yaya ko da wata manufa, ya ce shi kaɗai ya rage.

Da na zauna na ga yadda aka raba abin, kuma rabon ba laifi. Bagobiri yana da dabino tuli, ana dukansa yana dariya. Boka nasa 'yan kaɗan ne, mari ɗaya zai kai shi ƙasa, ba ya ɗaukar garkuwa, ba ya gudu. Amma yana da tsakuwa uku a gefe, kowace asiri ɗaya ce: ya kunna wuta a duhu, ko ya rufe mu daga idon maƙiyi, ko ya mayar wa wanda aka sara da ransa. In ya jefa tsakuwa ta tafi ke nan sai gari ya waye a cikin labarin. Saboda haka duk inda muka tsaya, shi ake juyawa a kalla. Zai shafa gemu, ya juya tsakuwar a hannu, ya bar mu muna roƙo. Yana jin daɗin wannan jan ran sosai.

Yaya ne ya ɓata abinsa da hannunsa. Ya ga mun daɗe muna abu ɗaya, sai ya ce duk wanda mutuminsa ya tara nasara har ya hau mataki na gaba yana da zaɓi: ko a ƙara masa ƙarfi, ko ya ɗaura laya mai asiri ɗaya. Wa zai zaɓi ƙarfi? Bagobiri ya ce layar zana yake so, wadda in ka shafa ta ka ɓace. Ni na ɗauki mai kunna wuta, don ina son ƙona abubuwa. Yaya bai sa wa layun iyaka ba, bai tuna ba.

Juma'ar da ta biyo, muka zo bakin kogo, masu gadi a tsaye. Boka ya ɗauki tsakuwa ya fara shafa gemu. Bagobiri ya ce, "Aje kayanka, malam, na shahwa laya." Ya ɓace, ya shiga, ya sassare su, ya fito. Cikin kogon duhu, na kunna wuta. Aka tashi wasa tsakuwa uku na nan inda suke. Juma'a ta gaba ma haka. Ta bayanta, muna tsakiyar wasa Boka ya zame ya kwanta, ya ce ƙafar ce. Da muka tashi tafiya ya ce, fuskarsa na bango, "In kun daina neman boka, ku kai wasan rumfar shayi. Can ya fi iska."

Muka kama hanya ni da Yaya. Ni dai na ce masa ɗakin ma wari yake yi, man zafi ko'ina. Ya harare ni.

Ya gwada gyara. Ya zo ya ce daga yau Boka tsakuwa shida gare shi. Boka ya dube su, ya tura ukun da yatsa gaban Yaya. "Uku ma ba a tambaye ni su ba. Sadaka ce ka kawo mini?" Yaya ya ce to a soke layu gaba ɗaya. Nan Bagobiri ya miƙe har ya kusa kifar da butar shayi.

"A soke mi? Abin da na samu da gumina? Kai Badamagare, a ina ka taɓa jin laya ta boka ce shi ɗai? A garinmu ko mai kiwon awaki shina da tashi. Ga tawa nan!" Ya naɗe hannun riga ya nuna mana, an ɗinke ta da jar fata, ta sha gumi har ta yi baƙi. Ya ce wasan da bai bi gaskiyar duniya ba wasan yara ne.

Aka yi ta ja. Ni ina cin dabinon raina, don wasa ya tsaya. Can shayi ya matsi Bagobiri, ya fita kewaye. Kafin ya ɗauki buta sai da ya kwance layar ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, yadda yake yi kullum. Da ya dawo na ce, "Maigida, me ya sa ka bar ta a nan? Ɓarawo na zaune fa."

"Kai ba ka da hankali? Ana shiga ban ɗaki da laya? Karyewa takai."

"Au, tana karyewa?"

"Kowace laya da sharaɗinta, yaro. Wata ba a tsallaka ta, wata ba ta son ruwa."

"To ta cikin wasan fa, mene ne nata? Ko ita ba ta bin gaskiyar duniya?"

Ni tsokana kawai nake yi. Amma Yaya ya ajiye kofi, ya ce a dakata. Ya ce maganar nan ta zauna: laya ta tsaya, sai dai kowace da abin da ke karya ta, kuma in ta karye sai boka ya ɗaura ta da tsakuwarsa. Tawa ya ce ba ta son jiƙa. Ta zana kuwa, ya juya ya tambayi Boka, shi da ya san aikin. Boka yana kwance. Daga nan kwancen ya ce wa bango, "Wanda ya ɓace ba ya magana. In aka ji muryarka ai an gan ka." Yaya ya ce daidai, kuma ba a cikin labari kawai ba, a nan kan tabarma: daga shafa laya har fitowa, bakin mai ita a rufe.

Bagobiri ya ce wannan ai sauƙi ne. Ya shafa, ya shiga ɗakin aljani. Yaya ya ja labarin a hankali, yana kwatanta kowane dutse. Bagobiri ya cije leɓe, gumi ya fara keto masa. Na juya wajen Yaya na ce, ni dai ban taɓa shan shayi mai daɗi irin na Buzun nan na bakin tasha ba, na wasu kuwa kamar an wanke tukunya an zuba sukari.

"Uban wa ya wanke tukunya!" in ji Bagobiri.

Yaya ya ce aljani ya waiwayo. Ya jefa ɗan ludo, ya ba da babba, ya sa hannu ya kwashe dabinon Bagobiri har saura ɗaya. Muka juya gaba ɗaya muka kalli katifa. Boka ya riga ya tashi zaune, ya jingina ƙafar da matashi, tsakuwa na tsakanin yatsunsa. Ya shafa gemu. Ya bar Bagobiri ya ce "don Allah, malam" har sai da ya ƙoshi, sannan ya jefa.

An ceto shi, amma bai haƙura ba. Yana tattara dabinonsa yana faɗa, wai zalunci ne, an haɗa masa kai, 'yan Damagaram uku a kan Bagobiri ɗaya. "Shi wanga da baki yaka yin nashi asiri, ya yi ta surutu ba wanda ya hana shi. Ni kuma a ce in rufe nawa? Ina adalci a nan?"

Boka ya miƙa hannu ya karɓi kofin shayinsa. "Kana da takobi, kana da garkuwa, kana da ƙafa biyu," ya ce. "Bar mini bakin."