Kawu Arzika da Ƙwallon Kulki

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo tsakanin Magarya, Wurno da Goronyo ya san ranar Asabar, da an sallame la'asar, Kawu Arzika zai ɓullo a kan tsohon kekensa mai kukan tsatsa, da 'yar tabarma ɗaure a baya, da albasa ƙwaya ɗaya a aljihun gaba. Ɗaya tak! Mutumin da in ya kwashe albasarsa sai an kira babbar mota, amma ƙwaya ɗaya yake zaɓowa. Ita ce kyautar gwarzon mako. Babu wanda ya naɗa shi wannan aiki, babu kuma wanda ya isa ya tuɓe shi. Da an hura usur na ƙarshe sai ka ga ƙarti ashirin da biyu, wasu da gemu, suna satar kallon aljihun tsoho.

Ni ne Tukur, ɗan ƙanwarsa, wanda ya tsare ragar Magarya shekara goma sha bakwai. Kafin wani ya tambaya: a'a, ban taɓa samun albasar ba, ko sau ɗaya.

Kuma ba haka kawai yake miƙa ta ba, sai ya yi maka tambayoyi kamar alƙali. "Mi yas sa kab buga hagu ba dama ba? Ka gani, ko ka yi sa'a? Ƙaƙa kas san shina bayanka?" In amsarka ba ta gamsar da shi ba, sai ya mayar da abarsa aljihu ya hau keke. Akwai makon da ya cinye ta a gabanmu da ƙuli-ƙuli, ya ce yau dai shi ne ya fi kowa ƙoƙari, tunda ya jure kallonmu.

Kun tuna ranar da muka ci 'yan Rabah uku da nema? Ɗan Kawu na cikinsa, Buhari, shi ya ci duka ukun. Aka ɗauke shi a kafaɗa, aka dire shi gaban mahaifinsa, yana ta washe baki, har ya tara hannu. Kawu ya ratsa ta gefensa kamar bai san shi ba, ya je ya damƙa albasar a hannun wani siririn ɗan baya na Rabah da ke zaune yana cire ƙaya a ƙafa.

Buhari ya ce, "Baba! Ukku hwa nic ci!"

"Na gani, ai ba barci nika yi ba. Ta hwarko golansu yab ba ka sadaka. Ta biyu Tanko yay yi wahalarta, kai kas sa hannu cikin akushi. Ta ukku ko, gwiwarka tad doka kana gyaran wando. Wanga yaro, ba don shi ba, da tara anka ci su."

Inna Hajo, matar Kawu, ta ji labari kafin su iso gida. Ranar miyar Kawu lami ta zo, ba gishiri, ba daddawa. Da ya yi magana ta ce albasar gidan ai an kai ta Rabah. Ya shanye abarsa tas, ya suɗe hannu, ya ce, "Ikon Allah, ashe haka kuka take in an bar ta ita kaɗai."

To, akwai kuma wani wasan Amurka da ya shiga ransa. Asalin abin da ya haɗa shi da shi kuwa, tun zamanin ginin madatsar ruwa ta Goronyo ne. Yana saurayi ya yi aikin leburanci a can, yana kai wa wani bature mai gyaran injuna kayan aiki. Ranar da baturen zai tafi, ya zaro wata 'yar ƙwallo fara, ba ta wuce lemo ba, mai tauri kamar dutse, da jan ɗinki ya kewaye ta. Ya miƙa masa, ya yi wata magana, ya shiga mota. Kawu ba ya jin turanci, tafinta kuma ba ya kusa.

Shekara talatin da wani abu abin nan yana cin Kawu a rai. Ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan adaka, amma duk baƙon da ya yi masa kama da mai sani sai an fito da ita. Wani ya ce layar turawa ce. Wani ya ce da ita suke jifar tsuntsu a gonar shinkafa. Wani malamin asibiti ya ce ta gasa gwiwa ce, Kawu ya yi sati yana murza ta a ƙafa, bai ji komai ba sai ciwo. Ya kai ta wajen dukawa a kasuwar Goronyo, babbansu ya juya ta, ya jinjina ɗinkin, ya jawo wuƙa ya ce bari a farke a ga cikin.

Kawu ya fizge ta. "In ka hwarke ka iya maishe ta?"

"Sai na ga ciki tukuna."

"To zamna da wuƙarka. Gara in mutu ban sani ba, da in sani ta mutu."

Ni ne na warware masa, da na yi wayar da ke shiga intanet. Muna zaune ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa da hantsi, na ɗauki hoton ƙwallon na nema. Sai ga ta! Sunan wasan besbol. Kawu ya gwada faɗa sau biyu, ya ce wannan suna bai yi kama da na abin kirki ba, ya raɗa masa ƙwallon kulki. Na kunna masa bidiyo. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashi.

"Tsaya, tsaya. Wancan mi shika yi da sanda?"

"Jira yake a jefo masa, Kawu, ya doka."

"In yad doka hwa?"

"Sai ya jefar da sandar ya ruga, ya taka wancan wuri, da wancan, da wancan, ya dawo inda ya taso."

"Shi komo inda yat taso? To mi yac ci?"

"Ai dawowar ita ce cin. Wurin ma gida suke ce masa."

Ya jingina da itace. Can ya ce, "Ashe duk gudun ga da babban mutum ka yi, gida shika nema. Wanda yaƙ ƙago wasan ga ya taɓa zuwa cin rani."

Daga ranar na shiga uku. Kullum sai an kunna. Me ya sa mai kamawa yake tsugunne kamar mai gasa masara? Me ya sa safar hannu ɗaya suke sawa, ta biyun tsada gare ta? Me suke taunawa haka, goro? Wayata ta zama ta Kawu, ni dai in sa mata caji.

Bayan an kwashe albasa, fadama ta bushe, ya ce lallai sai an buga. Ya tara mu, ya jera buhunan taki huɗu a matsayin wuraren takawa, ya saci taɓaryar Inna Hajo. Na ce to a kawo ƙwallon. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Abin da niy yi shekara talatin ina ɓoyo za a doka da taɓarya? Kawo goruba."

Buhari ne mai jifa. Jifa na farko Kawu ya kai duka, iska ya doka. Na biyu hularsa ta faɗi. Na uku ya juya gaba ɗaya ya fuskanci gabas, taɓarya ta kusa ɗauke mini kai.

Na ce, "Kawu, an yi uku, ka fita. Haka dokar take."

"Dokar wa?"

"Ta Amurka."

"Gonar ga ta Amurka ta?"

A jifa na goma sha ɗaya, wallahi, ya same ta. Ƙau! Goruba ta tashi ta haye shingen gonar, ta faɗa cikin rami inda Malam Ladan, malamin firamare kuma alƙalin wasanninmu, yake ban ruwan tattasai. Muka ji salati daga can. Muna ta ihu, "Ruga, Kawu, ruga!" Shi kuwa ya ajiye taɓarya a hankali, ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya goya hannu a baya, ya shiga zagaya buhunan nan yana taku ɗai-ɗai.

"Ba kai kac ce in ta hita hili ba a gaggawa ba? Shi yas sa nika son shi. Wasan dattijai na."

Amma abin da ya fi kama shi a wasan ba dukan ba ne. Wata rana muka ga an tsayar da wasa cak, ana tsakiyar yi. 'Yan kallo duk sun miƙe, abokan hamayya ma suna tafi, wani ɗan wasa mai furfura a gemu ya cire hula yana share hawaye. Na karanta masa cewa mutumin ya cika duka dubu uku ne tun da ya fara sana'ar, kuma a wurinsu wanda ya kai nan sai an tsaya an girmama shi.

"Wa yaƙ ƙirga?"

"Akwai masu wannan aikin, Kawu."

"Tun daga ta hwarko?"

"Tun daga ta farko."

Ya ce, "Uhm." Na ɗauka ya wuce. Ban san mutumin nan yana da goruna jere a ɗakinsa ba, kowane ɗan wasan Magarya da nasa, yana jefa ƙwayar wake ɗaya duk ƙwallon da aka ci, tun kafin ya san akwai wata Amurka mai yin haka.

A shekarar nan ne abubuwa suka tsaya mini. Gwiwa ta fara ciwo, ido ya rage. An ci mu shida a Wurno, samarin ƙungiya suka fara magana a bayana, har wasu a gabana, cewa tsoho ya ba yara wuri. Na ce wa matata Hadiza wasan Goronyo shi ne na ƙarshe, kuma ba sallama zan yi ba, zan daina zuwa ne kawai. Kunya ta ishe ni.

Ranar fili ya cika, har kan katanga mutane. Minti ashirin da farawa, ɗan gabansu ya sheƙo wata, ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ta tsakanin ƙafafu, jama'a! 'Yan Goronyo suna ihu, namu suna zagi. Ina cikin raga ina ɗauko ƙwallo, sai na ji ihun ya canza. Na juyo, ga Kawu a tsakiyar fili, da goran wake a hammata, ya ɗaga hannu ɗaya sama.

Malam Ladan ya hura usur har jijiyar wuyansa ta fito. "Baba Arzika, don Allah hita! Wasa aka yi!"

"Na tsai da shi."

"Ba ka da iko!"

"Amurka haka aka yi. Kai da ka karantar da yara ba ka sani ba?"

Samarin Goronyo sun fara matsowa, suna zaton wata dabara ce ta ɓata musu ci. Na ga wasu sun tsinci duwatsu. Kawu ko a jikinsa. Ya yafito ni, ya kama hannuna ya ɗaga, ya buɗe murya.

"Jama'a, ku shaida! Wagga da kunka gani yanzu ita ta ƙwallo ta ɗari biyar da tas shige Tukur!"

Kai! Filin nan ya fashe da dariya. Masu duwatsu suka zubar suna riƙe ciki. Malam Ladan ya zauna a ƙasa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce a hankali, "Kawu, me na yi maka?"

Bai kula ni ba, ya jira dariyar ta lafa.

"Kun gama? To in tambaye ku. Cikinku wa anka ci ɗari biyar? Babu. Ku da an ci ku goma kun aje riga kun koma shan rake. Gola nawa Magarya tay yi kahin shi? Ni na san su, bakwai, ba wanda yak kai damina ukku. Wanga ɗan ƙanwata an ci shi, an zage shi, an karya mai yatsa, ko wace Assabar shi dawo shi tsaya wurin nan da kowa ka gudu. Ƙaƙa mutum ka yin haka? Ni dai har yau ban gane ba. Ku tashi ku yi mai tahi."

Wanda ya fara tafawa shi ne yaron da ya ci ni. Sai 'yan wasansu, sai namu, sai katanga gaba ɗaya. Na sa safar hannu na rufe fuska, na ce ƙura ce ta shiga idona. Kawu ya danƙa mini goran ya ce, "Kai ma Hadiza ta dahwa." Ya fice abinsa.

An ci mu biyu da ɗaya a ranar, kada wani ya ƙara gishiri. Amma ban gudu ba. Na ƙarasa shekarar, na koya wa wanda zai gaje ni abin da na sani, na miƙa masa safar da hannuna a gaban kowa. Waken kuwa, Hadiza ta juye shi a kwano ta kalle ni. Shekara goma sha bakwai na wahala, bai kai cin mutum ɗaya ba, rabinsa kuma ƙwari sun huda.

Da damina ta bara ciwo ya kwantar da Kawu. Na je duba shi a asibiti, na tarar ya rame ƙwarai, murya ta dushe, amma ya tsare ma'aikaciyar jinya da ido yana nuna ledar ƙarin ruwa.

"Ɗiyata, ruwan ga ƙaƙa yas san hanya cikin jikin mutum? Wa yag gaya mai inda ciwon yake?"

Ta tsaya ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce da ni, "Ka ji hwa, Tukur. Abubuwa da yawa, lokaci kaɗan." Kwana biyu bayan nan ya cika, da safiyar Jumma'a.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa tambayoyin kabari, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Inna Hajo da Buhari da mu duka haƙurin rashinsa. Allah ya sa ya huta, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.